Abin da Ustaza Jummare Ba Ta Faɗa wa Raliya Ba

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, kuma ko a gidanmu ba a san ni da magana ba. Amma ba wannan ne ya fi riƙe mini hannu ba. In zan ba da labarin Raliya dole in faɗi irin kan da Allah ya ba ta, ni kuwa an rene ni da tsoron yabon yaro a fili. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Daga baya na ce tunda shirun bai amfane ta ba, bari in gwada maganar.

Sunana Zulaiha. A Gadarif aka haife ni, a unguwar Hausawa, inda kakanninmu suka tsaya a hanyarsu ta Makka suka kama noma. Da yaƙi ya tashi a Khartum aka rufe makarantu, mutane suka yi ta kwararowa garinmu, aka zuba su a azuzuwa. Makarantar da na yi ta zama gidan jama'a. Zannuwa a rataye a tagogi, murhu a filin da muke yin layi da safe, yara kuwa suna ta yawo a laka daga fitowar rana har faɗuwarta.

Ana cikin haka Ustaza Jummare ta aiko a kira ni. Ita ta koyar da ni, ta koyar da yayyena mata, kuma ta daɗe da ajiye aiki. Gwiwoyinta sun kumbura, idonta ya yi rauni, kullum yana ruwa. Na same ta a rakubar tsakar gidanta, rumfar da aka rufa da karan dawa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Zulai, har yanzu kina iya jan alif a miƙe?"

Na ce, "Ina iyawa, Ustaza."

"Ɗaga murya. Ni ba aljana ba ce da zan ji abin da ke cikinki."

Na sake faɗa. Ta ce, "To. Yaran nan sun ishe ni da kallo. Zan buɗe musu aji a nan. Ni baki, ke hannu."

Haka muka fara. Muka samo tsohuwar ƙofar katako muka shafa mata baƙin fenti ta zama allo. Ita tana zaune a kujera da sandarta tana faɗa, ni ina tsaye ina rubutawa. Aikin ya yi mini daidai, don na fi son in ba mutane baya.

Yaran iri biyu ne. Na unguwarmu sukan shigo su durƙusa, su gaishe ta ido a ƙasa, su zauna shiru. Waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum kuwa a tsaye suke gaisuwa, su kalle ta cikin ido su ce, "Salam ya ustaza," kamar sun ga sa'arsu. In an yi tambaya sai su ɗaga hannu suna kaɗa yatsu, kowa yana ihun a kira shi. In ta ce a yi abu sai su ce "Leh?", wato don me. Ustaza takan riƙe haɓa ta ce, "A zamanina wannan leh ɗin bulala ce." Amma ba ta taɓa dukan kowa ba. Ta ce mini a gefe, waɗannan sun ga abin da ya fi bulala.

Ranar farko da wani yaro ya ba da amsa daidai, 'yan Khartum suka ɓarke da tafi. Ustaza ta buga sanda a ƙasa.

"Biki ake yi? Wa ya haihu?"

Daga ranar ta hana tafi a ajinta.

Mu 'yan unguwa mun san dalili. Tsofaffinmu duka suna tsoron kambun baka, ba sa yabon yaro a gaban mutane, kar baki ya kama shi. Amma na Ustaza ya fi na kowa. Tana da wata ɗaliba a da, Hajar, tun kafin a haife ni. Ranar da mai duba makarantu ya zo, ta tsayar da yarinyar a gaban aji ta ce duk Gadarif babu kamarta. Kaka na yi Hajar ta kwanta da zazzaɓi, cikinta ya kumbura, ta rame, ta rasu. Likita ya ce kala-azar ne. Ustaza ta ce bakinta ne, kuma ba wanda ya iya raba ta da wannan. Tun daga nan ta juya harshenta. Yaron da ba ya ganewa shi take lallashi. Wanda ya shiga ranta kuwa shi take zagi: mummuna, daƙiƙiya, kan kabewa. Iyaye mata sun gane. Uwa takan tambayi 'yarta, "Yau me Ustaza ta ce miki?" In yarinya ta ce, "Kan kabewa," sai uwar ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta ƙara mata miya.

Damina ta yi tsakiya lokacin da aka kawo Raliya. Ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, siririya, da takalmin makaranta da ya matse mata ƙafa. Uwarta Hannatu Bahaushiyar Khartum ce. Mijinta ya fita neman magani wata rana bai dawo ba, har yau babu labari. Ta gudo da Raliya da ƙannenta biyu, aka ba su kusurwar wani aji a bayan labule.

Hannatu ta faɗi maganarta a fili tun ranar. Ta ce, "Ustaza, na kawo ta har riɗi ya nuna. In ya nuna zan bi lori zuwa mashru'u, manyan gonakin nan, yanka zan yi, ba ni da wata hanyar ci da su. In na ga karatun yana kama ta, zan nemi inda zan bar ta. In ba haka ba, hannu biyu ma hannu ne."

Na san wannan hanya. Ni ma riɗi ne ya fitar da ni daga aji. An ce za mu je manyan gonakin nan mu yi yanka mu dawo. Riɗi ya ƙare aka ce a tsaya girbin dawa, dawa ta ƙare Inna ta kwanta ciwo, da muka dawo sa'o'ina sun wuce ni, kunya ta hana ni zama da ƙanana. Yarinyar da ta hau lorin nan da wuya ta sake zama a gaban allo.

Raliya kuwa, masha Allah. Kafin in gama rubuta lissafi ta gama shi a kanta. Karatu take yi kamar ruwa yana gangara. Hausarta ce kawai ba ta nuna ba, rabi Larabci take haɗawa, yaran unguwa suna kwaikwayonta. Ta gaya mini a makarantarsu ta Khartum malamarsu tana zana mata tauraro a bayan hannu, ta ƙi wankewa har dare. Ta ce likita za ta zama.

Wata safiya Ustaza ta sa na rubuta rabawa mai tsawo, irin wadda ni kaina sai na yi ta a ƙasa da tsinke tukuna. Ajin ya yi tsit. Raliya ta tashi ta karɓi alli a hannuna, ta yi ta tsaf, ta juyo tana murmushi tana jira.

Ustaza ta matso da fuskarta kusa da allo ta duba. Sai ta ce, "Sa'a ce. Zauna, kan kabewa, kin tsaya mana kamar turmi."

'Yan matan unguwa suka kalli Raliya da hassada. 'Yan Khartum suka yi dariya. Ita kuwa ta koma tabarma a hankali, murmushin ya bushe a fuskarta.

Da aka tashi ta tsaya tana taya ni naɗe tabarmi.

"Zulaiha, kan kabewa ya'ni me?"

Na ce, "Wanda ba ya ganewa."

"Amma daidai na yi."

"Daidai kika yi."

"To leh?"

In na ce mata Ustaza tana zaginki ne don kin fi kowa, ai na faɗi abin da ake ɓoyewa ke nan, bakin ya fita. Ni ma da wannan tsoro na girma. Sai kawai na ce, "Haka take," na ɗauki tabarmi na shige.

Raliya ta ɗauka ƙoƙarinta ne bai isa ba, sai ta ƙara. Takan riga kowa zuwa ta share rakuba. Ta koyi durƙusawa, ta daina cewa leh. Ta haddace duk abin da aka ba su har da wanda ba a ba su ba. Tana ƙarawa zagin yana ƙaruwa. Mummuna. Daƙiƙiya. Wa ya ce ki buɗe baki. Ni da nake kusa ina ganin Ustaza tana bin ta da ido in ta juya baya, leɓenta yana motsi da addu'a. Raliya ba ta taɓa gani ba.

Sannu a hankali ta daina ɗaga hannu. Ta koma bayan aji kusa da randa. Wata rana Ustaza ta jefa wa 'yan bayan aji tambaya mai sauƙi, sai Raliya ta ba da amsar da ba daidai ba, kuma na san da gangan ta yi. Ustaza ba ta ganin nesa, ba ta gane muryar ba saboda yarinyar ta yi maganar ƙasa-ƙasa. Ta ce da taushi, "Ba komai, 'yata, sake gwadawa. Allah ya buɗa miki."

Raliya ta ɗago kai ta kalle ni. Wata biyu tana neman kalma mai daɗi daga bakin nan, sai ranar da ta yi kuskure ta samu. Ba ta sake gwadawa ba. Ta sa kai a gwiwa har aka tashi.

Ruwa ya ɗauke, baƙar ƙasar nan tamu ta fara tsagewa. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka masu gonaki suka fara neman hannu ko ta ina. Wani wakilinsu, Elnour, ya zo makarantar da 'yan gudun hijira suke, ya ce lorin Gadambaliya zai tashi ranar Laraba bayan azahar.

Na haɗu da Hannatu a wajen ɗiban ruwa. Ta sauke jarkarta ta ce, "Zulaiha, ni fa ban so in tafi da ita ba. Na ce ta zaɓa. Ta ce me za ta zauna yi, malama ta ce kanta babu komai." Ta gyara tob ɗinta, babban mayafin nan na matan ƙasarmu. "A Khartum kullum ita ce ta ɗaya. Wataƙila yaƙin ne ya taɓa mata kai. Ni ma ba kamar da nake ba."

Na ce, "Khala," kamar yadda muke kiran sa'ar uwa, "in an sami inda za ta zauna fa?"

"In ita ta yarda, ni na yarda."

Na koma gida na roƙi Inna. Ba ta ko ja ba, ta ce inda mutum biyar suka kwanta ta shida ma za ta sami wuri. Wurin kwana ya samu, abinci ya samu. Abin da ya rage kalma ɗaya ce daga bakin Ustaza.

Ranar Talata bayan la'asar na tafi gidanta. Tana zaune tana jiran jabana, 'yar tukunyar gahawa, ta tafasa a kan gawayi, ƙamshin gahawa da citta ya cika rakubar. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "In gaisuwa ce kin yi da safe. In roƙo ne faɗi."

"Ustaza, Raliya za ta bi lori gobe."

Hannunta ya tsaya a kan mafici. "Uwar ce?"

"A'a, ita Raliyar ce. Ta ɗauka ba kya son ta. Ta ɗauka da gaske ba ta iya ba."

"Shirme. Kowace jaka a unguwar nan ta san abin da nake nufi."

"Ita ba 'yar unguwar nan ba ce, Ustaza. A wajensu in yaro ya yi daidai ana gaya masa."

"Shi ya sa garinsu ya zauna lafiya, ko?"

Ban taɓa mayar mata da magana ba tun ina aji ɗaya. Na ce, "Allah ya ƙara miki lafiya, kalma ɗaya kawai. Ki ce ta iya. Ki sa masha Allah a kai."

"Na sa a kan Hajar." Ta juyo da idanunta masu ruwa gare ni. "Ke kin ga Hajar? Ni na zuba mata ruwan wanka. Hannunta bai kai kaurin wannan sandar ba. Uwarta ba ta ce mini komai ba, kallona kawai ta yi. Yanzu ki zo ki ce in sake buɗe bakin nan a kan 'yar mutane da ba ta da uba a kusa? Gara ta tsane ni tana tafiya da ƙafarta."

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ce, "Ustaza, ƙudan da ke kawo kala-azar a can yake, cikin itatuwan bakin gonaki. Can za ta kwana, a bukkar ciyawa."

Gahawar ta tafaso ta zube a kan gawayi, ta yi cuu. Ba ta sauke ba. Tana kallon wutar ta ce, "Tashi ki tafi, Zulai."

Daga nan na wuce makarantar. Na sami Raliya a bayan ajinsu tana wanke kayan ƙannenta a roba. Na tsuguna kusa da ita. Na yi bismilla na faɗa mata duka: kambun baka, Hajar, da abin da kan kabewa yake nufi a bakin Ustaza. Na ce, "Ba ta zagin kowa kamar yadda take zaginki. A nan wannan shi ne tauraron."

Ta ci gaba da cuɗa rigar. "Ƙarya ne. Kina so ki lallashe ni."

"Wallahi ba ƙarya ba ne."

"To ta faɗa da bakinta."

"Ba za ta iya ba. Tsoro take ji kar wani abu ya same ki."

Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Babana kullum yana cewa ni shaɗira ce, mai kai. A gaban baƙi, a gaban kowa. Ga ni, ban mutu ba." Ta matse rigar ta jefa a bokiti. "Shi ne ya ɓata."

Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Zan zo gobe da safe. In ta faɗa, zan zauna a gidanku."

Laraba yaran ba su cika ba, wasu iyayensu sun riga sun ɗaure kaya. Raliya ta zo ta zauna a gaba, inda take zama a da. Ustaza ta fito da farin tob ɗinta na zuwa aiki, wanda ban ga ta sa ba tun tana koyarwa. Na ji wani sanyi a raina, na ce ko ta yi tunani.

Ba ta yi karatun da muka saba farawa da shi ba. Ta ce, "Zulai, rubuta." Ta faɗo mini wani lissafi da ban taɓa ganin irinsa ba, mai ɓangarori a sama da ƙasa, na 'yan manyan aji. Sai da ta maimaita mini kafin na rubuta daidai. Sannan ta ce, "Wa zai fito?" Fuskarta tana wajen Raliya.

Raliya ta tashi. Wannan karon ta ɗan daɗe. Ta rubuta, ta goge da gefen hannu, ta sake. Ba ka jin komai sai ƙarar alli a jikin katako da kukan akuyar maƙwabta. Da ta gama ta ja layi a ƙarƙashin amsar, ta juyo. Ba ta yi murmushi ba. Ta tsaya da allin a hannu tana kallon Ustaza cikin ido.

Ustaza ta dafa sanda ta miƙe da kanta, ta taka har gaban allo. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ina tsaye kusa da ita, ina jin numfashinta. Bakinta ya buɗe. Ya rufe. Na ga ta kai hannu kamar za ta dafa kan yarinyar, sai hannun ya tsaya a iska ya koma.

Ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Mummuna. Kin cinye mana alli a banza."

Ruwa yana bin kumatunta, amma idonta kullum yana ruwa, ba wanda ya lura sai ni.

Raliya ta ajiye allin a gefen allo, a hankali, kar ya karye. Ta goge hannunta a riga. Ta ce, "Ma'assalama ya ustaza." Ta bi ta tsakanin yara ta fita.

Bayan azahar na je inda lorin yake. An cika shi da mutane da jarkoki da ƙunshin tabarmi, lauje yana leƙowa daga buhuna. Elnour yana ta ihun a yi sauri rana tana tafiya. Hannatu ta riƙe hannuna ta ce in gode wa Inna, in ce wa Ustaza ta yafe musu wahalar da suka ba ta. Raliya tana can sama ta rungume ƙaramin ƙaninta. Na kira sunanta. Ta ɗaga mini hannu sau ɗaya, ta juya fuska wajen hanya. Lorin ya tashi yana tangaɗi a kan busasshiyar laka, na tsaya har ya sha kwana.

Da na koma na sami Ustaza a inda na bar ta, a kujera, da farin tob ɗin, ba ta ko ci abinci ba. Lissafin yana nan a allo. Na ɗauki tsumma.

Ta ce, "Kar ki goge."

Na ajiye.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Tun da na fara riƙe alli ban ga irinta ba. Har Hajar." Ta share fuska da gefen tob. "Yanzu ta yi nisa. Bakina ba zai kai ta ba."

Na taimaka mata ta miƙe. A bakin ƙofar ɗaki ta tsaya ta ce, "Gobe ba zan fito ba. Gwiwar nan. Ki sallami yaran."

Washegari da safe na je. Ɗakinta a rufe. Na share rakubar na shimfiɗa tabarmi. Yaran da suka rage suka fara shigowa, yawancinsu ƙananan unguwa, suka zauna suna kallon kujerar da ba kowa a kai. Ban sallame su ba. Na tsaya a gaban allo na daɗe ina kallon rubutun Raliya, yadda lambobinta suke a jere ƙanana. Allo ɗaya gare mu. Na jiƙa tsumma na goge.

Na rubuta musu ɗan lissafin tarawa, na juyo na fuskance su. Wata ƙaramar yarinya mai suna Jidda, 'yar mai sayar da gawayi, ta fito ta rubuta amsa da allin a dunƙule cikin hannu. Daidai ne. Ta tsaya kanta a ƙasa.

Na ce, "Kin yi daidai, Jidda. Kina da ƙoƙari. Masha Allah."

Ta ɗago a firgice kamar na mare ta. Sauran yaran suka kalli juna, suka kalli ƙofar ɗakin Ustaza. Daga ciki na ji gadon igiya ya yi ƙara, amma ƙofar ba ta buɗe ba. Da yarinyar za ta wuce ta koma wurinta, na kai hannu na taɓa goshinta. Da sanyinsa, babu zazzaɓi. Na juya na rubuta na gaba.